Hangen Dala Daga Nassarawa: Saita Gilashin Kyamara da Hannu a Kan Abin da Ke Nesa

1.0 Gabatarwa

Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ko da yake ba domin masu ɗaukar hoto aka yi wannan karin magana ba, da wuya a sami mutanen da ya dace da su kamarsu. Sau da yawa mutum yakan hau wani dogon bene a unguwar Nassarawa GRA ta Kano, ya hangi Dutsen Dala ras da idonsa, ya ɗaga kyamara ya ɗauka, amma in hoton ya fito sai a tarar da dutsen dishi-dishi, alhali reshen darbejiyar da ke bakin taga ya fito tangaran. Wani sai ya ɗora laifin a kan kyamara, wani kuwa a kan ƙarancin kuɗinta.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana asalin matsalar. Abin da idon mutum yake kira nesa daban, abin da gilashin kyamara yake kira nesa daban. Wanda ya fahimci wannan bambanci, ya kuma koyi murɗa zoben saiti da hannunsa, zai iya samun hoton abin da ke nesa ko a lokacin da na'urar kyamara ta gaza. Za a fara da ma'anar kalmomi, sa'an nan yadda gilashi ke aiki, da hanyoyin saiti, a ƙarshe kuma a kawo misalai uku daga Nassarawa.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Da yake sana'ar hoto baƙuwa ce a ƙasar Hausa, yawancin kalmominta na aro ne. Saboda haka ya kyautu a fayyace waɗanda za a yi amfani da su a nan.

Gilashin kyamara shi ne jerin gilasan da ke cikin bututun gaban kyamara, waɗanda ke tattara haske. Farantin hoto shi ne wurin da hasken ke sauka, ko filim ne ko kuma ɗan allon lantarkin da ya maye gurbinsa a kyamarorin zamani. Saiti, watau abin da masu sana'a ke kira fokas, shi ne matsar da gilashi gaba ko baya har siffar abin da ake so ta fito da kaifi. Zoben saiti shi ne zoben da ake murɗawa domin yin haka. Ƙofar haske ita ce kafar da ke tsakiyar gilashi, wadda ake buɗewa ko tsukewa, kuma ana auna ta da lambobi irin su f/2 da f/8 da f/16. In lamba ta ƙaru, ƙofa ta tsuke ke nan. Zangon kaifi kuwa shi ne tsawon filin da ke fitowa da kyau a gaba da bayan abin da aka saita. Akwai kuma nesa mara iyaka, wadda ake rubuta alamarta a kan zoben saiti kamar lamba 8 a kwance, watau ∞. Wani masanin lissafi na Ingila, John Wallis, shi ya fara amfani da wannan alama a shekarar 1655.

3.0 Yadda Gilashi Ke Ganin Nesa

Tun kusan shekaru dubu da suka wuce, Alhasan ɗan Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manaziri cewa gani yana samuwa ne ta hasken da ke tasowa daga abu ya shigo ido. A kan wannan tushe aka gina kyamara, wadda aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto da ita a Faransa a 1839.

Hasken da ke tasowa daga abin da ke kusa yakan iso gilashi a baje, kamar tsinkayen tsintsiyar da aka kwance. Saboda haka sai an matsar da gilashi gaba, nesa da farantin hoto, kafin hasken ya haɗu a ɗigo ɗaya. Hasken abin da ke nesa ƙwarai kuwa yakan iso a jere, babu wani bajewa, sai ya haɗu a tazara mafi gajarta. Wannan tazara ita ce lambar da ake rubutawa a jikin gilashi, kamar milimita 50 ko milimita 200.

A nan ne gizo ke saƙar. A ɗauki gilashi mai milimita 50. In abu yana nisan mita 1, sai an matsar da gilashin kimanin milimita 2.6 daga inda yake zama don nesa mara iyaka. In abin yana mita 10, matsawar ba ta wuce rubu'in milimita ba. In yana mita 100, matsawar ta koma milimita 0.025, watau ba ta kai kaurin silin gashi ba. Ashe ke nan, a wurin wannan gilashi, dokin da ke nisan mita 100 da Dutsen Dala da ke nisan kilomitoci da farin watan da ke nisan kilomita 384,400, duk sun taru a cikin wani ɗan wuri da bai kai silin gashi ba. Shi ya sa lambobin da ke kan zoben saiti suke warwatse a ɓangaren kusa, amma suke cunkushe dab da alamar ∞.

Dogon gilashi ya fi wannan tsanani, domin matsawar tana ƙaruwa ne gwargwadon tsawon gilashi in an ninka shi da kansa. Gilashi mai milimita 200 ya ninka mai 50 sau huɗu, don haka matsawarsa ta ninka sau goma sha shida. Abin da ke mita 100 yana bukatar matsawar milimita 0.4 a wurinsa, kuma ana ganin bambancin a hoto. Alal misali, in aka tsuke ƙofar haske zuwa f/8 aka saita a kan nesa mara iyaka, a kyamara mai faranti girman filim na milimita 35, gilashi mai milimita 28 zai fitar da kome da kaifi tun daga kimanin mita 3, mai milimita 50 tun daga mita 10, mai milimita 200 tun daga mita 167, mai milimita 400 kuwa sai daga mita 667. A taƙaice, kowane gilashi da inda nesansa ke farawa.

4.0 Dalilin Gazawar Na'ura

A da, kowane mai hoto da hannu yake saiti. Kamfanin Konica na Japan ne ya fitar da kyamarar kasuwa ta farko mai saita kanta a 1977, sa'an nan Minolta 7000 ta 1985 ta yaɗa wannan fasaha ga kyamarori masu canjin gilashi. Na'urar tana aiki ne ta hanyar neman gefe mai kaifi, inda haske da duhu suka yi iyaka. Inda babu irin wannan iyaka, kamar sararin sama fetal, ko dutsen da hazo ya lulluɓe, ko duhun magariba, sai ta yi ta kai da kawo ba ta tsaya ba. In kuwa akwai wani abu mai kaifi a kusa, shi za ta cafke. Unguwa irin Nassarawa, mai yawan itatuwan darbejiya da maɗaci da wayoyin lantarki da ƙarafan taga, cike take da irin waɗannan tarkuna.

Mai karatu na iya tambaya, me zai hana a murɗa zobe har ƙarshe a huta? A yawancin tsofaffin gilasai wannan dabara tana aiki, domin zoben yana tsayawa cak a kan alamar ∞. Amma gilasan zamani da yawa an ƙera su su zarce wannan alama da gangan, saboda dalilai biyu. Na farko, ƙarfe da gilashi sukan miƙe da zafi su tsuke da sanyi, sai wurin saiti ya gusa kaɗan. A gari irin Kano, inda zafin Afrilu kan kai digiri 40 kuma sanyin daren hunturu kan sauko ƙasa da digiri 15, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga dogon gilashi. Na biyu, injin saiti yana bukatar ɗan fili ya wuce ya dawo ba tare da ya bugi ƙarshe ba. To, wanda ya murɗa irin wannan zobe har ƙarshe ya wuce gona da iri, domin ya saita a wurin da babu wani abu a duniya da zai fito da kaifi, na kusa ko na nesa. Alamar ∞ jagora ce kurum, ido ne alƙali.

5.0 Hanyoyin Saiti da Hannu

Abu na farko shi ne daidaita tagar leƙe da idon mai ɗauka. Yawancin kyamarori suna da wata 'yar ƙaramar wila a gefen tagar, a murɗa ta har rubutun da ke cikin tagar ya fito fes. Wanda bai yi haka ba, raunin idonsa zai riƙa gyarawa yana zaton gilashi yake saitawa.

Na biyu, a kafe kyamara a kan ƙafarta mai uku, ko a ɗora ta a kan katanga bisa jakar yashi ko ta gero. Dogon gilashi yana ƙara girman abu, yana kuma ƙara girman rawar hannu daidai gwargwado, kuma ba a iya tantance kaifin abin da ke rawa.

Na uku, a kashe saitin na'ura, a buɗe ƙofar haske iyakarta. A buɗe ne zangon kaifi ya fi ƙunci, saboda haka kuskure ya fi saurin bayyana. Sa'an nan a nemi wani gefe mai kaifi a jikin abin da ke nesa, kamar turken sadarwa ko kusurwar gini ko bakin dutse inda ya haɗu da sama.

Na huɗu, a murɗa zobe sannu a hankali har siffa ta fito, a ɗan wuce har ta fara lalacewa, a dawo, a riƙa rage tazarar har a tsaya a tsakiya. A tsofaffin kyamarorin filim akwai wata 'yar da'ira a tsakiyar taga wadda ke raba siffa biyu. In layin da ke tsaye ya karye, saiti bai yi ba, in ya haɗu ya miƙe, ya yi. Aibinta shi ne rabinta kan yi baƙi in gilashi ba mai wadatar haske ba ne, a nan sai a dogara ga sauran fuskar tagar. A kyamarorin zamani kuwa hanya mafi inganci ita ce a kunna allon baya, a ƙara girman siffar kamar sau goma, a yi saiti a kai. In tauraro ne, wurin da ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta shi ne daidai.

Na biyar, bayan an gama saiti sai a tsuke ƙofa zuwa f/8 ko f/11. Kada a zarce zuwa f/22 da tunanin ƙarin kaifi, domin in kafa ta yi ƙanƙanta ainun haske yakan watse a gefenta, hoton duka ya yi laushi. Haka kuma, in gilashi mai zuƙowa ne, a fara zaɓar girman da ake so kafin saiti, domin da yawa daga cikinsu saitinsu kan goce in an zuƙo ko an saki. Wayoyin hannu ma da dama suna da sashen saiti da hannu, inda akan nuna nesa da alamar dutse, kusa kuma da alamar fure.

6.0 Misalai Uku Daga Nassarawa

Nassarawa tana gabas da tsohon birni, a wajen ganuwa. Nan Turawa suka kafa mazauninsu bayan sun ci Kano a 1903, kuma nan Gidan Gwamnati da gidan Sarki na Nassarawa suke. Wannan matsayi nata ya sa wanda ya fuskanci birni daga can yamma yake duba, abin da ke da tasiri a kan misalan da ke tafe.

6.1 Dutsen Dala

Dutse ba ya motsi, don haka saitinsa ya fi sauƙi. Wahalarsa tana cikin iskar da ke tsakani. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu kan kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta baza ta a sararin Kano. Ƙurar tana watsa haske, ta kashe bambancin duhu da haske, sai dutsen ya zama inuwa fari-fari. Da bazara kuma, in rana ta take, iska mai zafi kan tashi daga kwalta da rufin kwano, tana karkata haske nan da can, irin abin da ke haddasa kawalwalniya. A dogon gilashi sai a ga gine-gine suna rawa kamar ana kallonsu ta cikin ruwa.

Babu murɗa zoben da zai gyara ɗaya daga cikin waɗannan biyu, kuma ya wajaba mai hoto ya iya bambanta su da kuskuren saiti. Alamar ita ce, in an murɗa gaba da baya an sami wurin da ya fi kyau amma duk da haka bai gamsar ba, laifin iska ne. Maganinsa zaɓen lokaci. Da sassafe ƙasa ba ta yi zafi ba, rana kuma tana bayan mai ɗauka tana haska fuskar dutsen. Mafi kyawun duka shi ne safiyar da ta biyo ruwan dare da damina, lokacin da ruwa ya wanke sarari.

6.2 Hawan Nassarawa

A al'ada, a rana ta uku ta sallah Sarkin Kano kan hau zuwa Nassarawa, ya kai ziyara Gidan Gwamnati, al'adar da ta samo asali tun zamanin da Razdan ke zaune a can. Hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a Disambar 2024, wanda ya ƙara wa hotunan wannan hawa daraja a matsayin tarihi. Hawa kuwa ba ya jiran mai hoto. In tawaga ta wuce, sai wata sallar.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗaukar mahayan da ke ƙarshen titi a matsayin nesa mara iyaka. Ga gilashi mai milimita 200 a f/8, wanda ya saita a ∞ zai rasa kaifi da zarar doki ya shigo ƙasa da mita 167. Na'ura kuma takan ruɗe da kawunan 'yan kallo da ƙurar kofato da hayaƙin bindigogin 'yan bindiga. Dabarar tsofaffin masu hoto ita ce jiran doki a wuri ɗaya. A zaɓi wata alama a bakin titi, kamar turken fitila, a saita a kanta tun kafin tawaga ta iso, a danna sa'ad da mahayi ya zo daidai da ita. In alamar tana mita 50, zangon kaifi zai kama daga kimanin mita 38 zuwa 71, wanda ya isa ɗaukar hakimi da zagaginsa. In tana mita 20, zangon ya tsuke zuwa tsakanin mita 18 da 23, sai a ƙara kula. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma mai hoton da ya saba ƙiyasta nisa da ido ya fi wanda ke jiran na'ura saurin samun abin da yake so.

6.3 Jinjirin Wata

A daren da ake duban watan azumi ko na sallah, kafin sanarwar Sarkin Musulmi, jama'a da dama kan yi sha'awar ɗaukar hoton jinjirin wata. Wannan shi ne mafi wuya cikin misalan uku. Jinjirin siriri ne, haskensa kaɗan ne, yana ƙasa-ƙasa inda ƙura ta fi yawa, kuma ba ya daɗewa bayan faɗuwar rana. Ga shi kuma ƙarami a farantin hoto. Faɗin wata a sama kimanin rabin digiri ne, don haka gilashi mai milimita 50 ba zai ba shi ko rabin milimita ba, mai milimita 200 zai ba shi kusan milimita 2, a farantin da faɗinsa milimita 36 ne.

Wanda ya bari sai ya ga watan sa'an nan ya fara neman saiti ya makara, domin gilashin da ba a saita ba yakan narkar da siririn haske cikin sama har a kasa ganinsa a taga. Abin yi shi ne a yi saiti tun da sauran haske a kan abu mafi nisa da ake hange, ko kuma a kan tauraruwar Zara, wadda Hausawa ke kira matar wata, in tana yamma a wannan lokaci. Duk abin da ke sama, wata ko tauraro, saitinsa ɗaya ne. In an samu, sai a manne zoben da salatif kada ya goce. A kuma tuna cewa wata yana gusawa gwargwadon faɗin kansa a cikin kimanin minti biyu saboda juyawar duniya, don haka barin ƙofa a buɗe na daƙiƙoƙi masu yawa zai ja siffar. Gargaɗi mafi muhimmanci shi ne kada a leƙa ta gilashi wajen yamma sai rana ta faɗi ƙurmus, domin gilashi yana tattara haskenta, yana iya ƙona ido nan take.

7.0 Kammalawa

An ga cewa nesa a wurin gilashin kyamara ba a auna ta da kilomita, ana auna ta ne da tsawon gilashi da faɗin ƙofar haske, kuma duk abin da ya wuce wata iyaka yana taruwa ne a ɗan wurin da hannu mai gaggawa zai tsallake. An ga kuma cewa ƙarshen zobe ba lallai ne ya zama wurin saiti ba, na'ura tana da wuraren da take gazawa, kuma hazo da zafi suna da nasu laifin da ba na gilashi ba. Ga ɗaliban Hausa da ke fita nazarin al'adu da kyamara a rataye, wannan ilmi yana da amfani kai tsaye, domin hoton hawa ko na gini ko na ganuwa da ya fito dishi-dishi shaida ce da ta ɓace. Saura kuma aikin da ke kan masana harshe, na tace kalmomin wannan sana'a da daidaita su, yadda za a iya koyar da ita da Hausa daga farko har ƙarshe.